Yadda ake zana kayan ƙananan jiragen ruwa a kwamfuta a buga su da na'urar 3D

Haɗa ƙananan jiragen ruwa na kwaikwayo sana'a ce da ta daɗe a duniya, kuma abin sha'awa ne ga mutane da yawa. Mai yin ta yakan ɗauki wani jirgi na gaske, ya rage kowane sashe nasa bisa ma'auni guda, har ya fito da samfurin da za a iya ɗorawa a kan tebur, wanda duk masanin jiragen ruwa zai gane shi da kallo ɗaya. Irin waɗannan samfura ne ake gani cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihi, da ofisoshin kamfanonin sufurin teku, da makarantun horar da sojojin ruwa. Shekaru aru-aru da katako da ƙashi da tagulla ake yin su, daga baya roba ta shigo. A 'yan shekarun nan kuma wata hanya ta samu karɓuwa, wato a zana ɓangaren da ake buƙata a kwamfuta, sannan na'urar 3D ta gina shi falle a kan falle har ya zama abin da za a riƙe a hannu.

Wannan hanya ta rage aikin da a da yake cin watanni, ta kuma buɗe ƙofa ga wanda ba shi da hannun sassaƙa. Sai dai na'urar ba ta san jirgi ba. Abin da aka zana mata shi take fitarwa, daidai ne ko kuskure, kuma akwai iyakar sirantar da za ta iya riƙewa. Saboda haka ingancin aikin ya rataya ne a kan abin da ya gabaci bugawa: sahihancin bayanan jirgin, da lissafin ma'auni, da sanin wuraren da ya wajaba a kauce wa ma'aunin da gangan.

Tushen sana'ar

Daga cikin tsofaffin samfuran jiragen ruwa da suka rage a duniya akwai waɗanda aka gano a shekarar 1920 a kabarin Meketre, wani babban ma'aikacin fada a tsohuwar Masar da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Da katako aka sassaƙa su, har da matuƙansu, kuma an raba su tsakanin Alƙahira da gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York.

A Ingila, cikin ƙarni na 17 da na 18, an riƙa yin samfuran jiragen yaƙi masu tsananin kyau, akasarinsu bisa ma'aunin 1:48, inda rubu'in inci a jikin samfuri ke wakiltar ƙafa guda a jikin jirgi. Gidan tarihin teku da ke Greenwich a birnin Landan yana riƙe da adadi mai yawa daga cikinsu. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon kuma, fursunonin Faransa da ke tsare a Birtaniya sun riƙa sassaƙa jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa don samun na kashewa.

Sana'ar ta isa ga talakawa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanoni suka fara zuba roba a mazubin ƙarfe suna sayar da sassan jirgi cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Kamfanin Airfix na Birtaniya ya fitar da samfurin jirgin Golden Hind a farkon shekarun 1950. A 1971 kamfanoni huɗu na Japan, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka fara jerin jiragen yaƙi bisa ma'aunin 1:700, ma'aunin da har yau yake cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Ma'aunin ragi

Idan aka ce samfuri yana kan ma'aunin 1:350, ana nufin an raba tsawon jirgin da faɗinsa da tsayinsa gida 350 an ɗauki kashi ɗaya. Jirgin Titanic, mai tsawon mita 269, yakan koma santimita 77 a wannan ma'auni, a 1:700 kuma ya koma santimita 38. Jirgin yaƙin Najeriya NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm & Voss ya ƙera a Jamus, yana da tsawon kusan mita 125, don haka samfurinsa a 1:350 zai kai santimita 36. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da ke cikin Jihar Yobe a yau, mai tsawon mita 8.4, zai fito da kyau a 1:20, inda zai zama santimita 42. Akwai kuma masu girman ban mamaki, kamar samfurin jirgin yaƙin Yamato da ke gidan tarihi na Kure a Japan, wanda aka yi a 1:10, tsawonsa mita 26.3.

Zaɓen ma'auni shi ne shawara ta farko, domin duk sauran na biyo bayansa ne. Mutum mai tsayin mita 1.75 milimita 5 ne a 1:350, a 1:700 kuwa milimita 2.5 ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Masu jiragen katako na dā sun fi son manyan ma'aunai kamar 1:48 da 1:72 da 1:96, saboda igiyoyi da igwa su fito sarai. Masu tara jiragen yaƙi na zamani sun fi karkata ga 1:350 da 1:700, don su samu wurin jera da yawa a kanta ɗaya.

Abin da ke sa a nemi kaya na musamman

Mazubin ƙarfe da kamfani ke zuba roba a ciki yana da tsada ƙwarai, don haka kamfanoni ba sa yin sa sai ga jirgin da suka tabbata zai sayu da yawa. Shi ya sa shahararrun jirage irin su Titanic da Bismarck da Yamato suka cika kasuwa, alhali dubban jiragen dakon kaya da na kamun kifi da na sintiri babu wanda ya taɓa yi musu kwali. Wanda yake son irin waɗannan, dole ya yi sassansu da kansa.

Ko jirgin da yake kasuwa ma yakan buƙaci gyara, domin jirgi yana sauya kama a tsawon rayuwarsa. Yamato da ya fara aiki a 1941 ya bambanta da wanda aka nutsar a watan Afrilun 1945, saboda a tsakani an cire wasu manyan bindigoginsa na gefe an ƙara masa na kakkaɓo jiragen sama masu yawa. Haka kuma jirage biyu da aka ƙera da zane ɗaya sukan bambanta. An rufe gaban barandar shan iska ta saman Titanic da bango mai tagogi, ta ɗan'uwansa Olympic kuwa a buɗe take. Mai son samfurin wani jirgi a wata shekara ta musamman yakan rasa abin da yake nema a cikin kwali.

Akwai kuma wahalar maimaici. Jirgin HMS Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765 kuma yake ajiye a Portsmouth, yana ɗauke da igwa 104 a yaƙin Trafalgar na 1805. Sassaƙa kowace da hannu, su kuma fito iri ɗaya, aiki ne mai gajiyarwa. A kwamfuta sau ɗaya ake zana kowane nau'in igwa, sai a kwafa adadin da ake so.

Ire-iren na'urorin

Fasahar ta girmi shahararta. Hideo Kodama na Japan ya bayyana dabarar daskarar da ruwan roba da haske a 1981. Chuck Hull na Amurka ya nemi rajistar irin wannan ƙirƙira a 1984, ya samu a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. Scott Crump ya ƙirƙiro hanyar narka zaren roba a ƙarshen shekarun 1980, ya kafa Stratasys. Na'urorin sun daɗe a hannun manyan masana'antu saboda tsada. Abin da ya sauko da su shi ne shirin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath a 2005, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa, sai kuma ƙarewar wa'adin rajistar Crump a 2009.

Nau'i biyu ne suka fi shiga hannun masu haɗa jirage. Na farko yana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ya narka shi, ya matso shi ta wani ɗan baki da akasari faɗinsa milimita 0.4 ne, yana zana layi bisa layi. Kaurin kowane falle yakan kasance tsakanin milimita 0.1 da 0.2. Wannan nau'i ya dace da manyan sassa, kamar gangar jikin jirgi da ɗakunan da ke samansa, amma yakan bar layuka a jiki waɗanda sai an goge.

Na biyu yana aiki da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa idan wani nau'in haske ya taɓa shi. Ana zuba shi a ƙaramin faranti mai ƙasa garai-garai, allon da ke ƙarƙashi ya haska siffar falle ɗaya, rezin ya daskare a wurin, sai na'urar ta ɗaga abin kaɗan ta haska na gaba. Kaurin falle a nan yakan zama milimita 0.05 ko ƙasa da haka, shi ya sa ya fi dacewa da ƙananan kaya irin su anga da igwa da tsani da kwale-kwalen ceto. Da yake allon yana haska falle gaba ɗaya a lokaci guda, tsayin abu ne ke ƙayyade lokacin aikin. Abu mai tsayin milimita 20 yana buƙatar falle 400, ko guda ɗaya aka ɗora a faranti ko guda talatin.

Akwai nau'i na uku da ke narka garin nailan da hasken leza. Kayansa suna da ƙarfi, amma na'urar tana da tsada, don haka akasari a kamfanonin da ke bugawa don kuɗi ake samun ta.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Matakin farko shi ne tattara bayanai. Mafi daraja a cikinsu shi ne zanen layukan jirgi, wanda ke nuna gangar jikin ta fuska uku: daga gefe, daga sama, sai kuma jerin yanke-yanke daga goshi zuwa baya, kamar yadda ake yanka burodi. Gidajen tarihin teku da ma'ajiyar takardun ƙasashe suna sayar da kwafin irin waɗannan zane-zane. Ga jiragen ƙarni na 18, littafin Architectura Navalis Mercatoria na Fredrik af Chapman ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 1768, har yanzu ana komawa gare shi. Tsohuwar takarda takan miƙe ko ta takure, don haka idan an ɗauki hotonta an saka a kwamfuta, ana gwada ta da wani tsawo da aka sani kafin a fara zane.

Inda zane ya ɓata, hotuna ake dogara da su. An lalata yawancin takardun Yamato a ƙarshen yaƙi, abin da ya sa masu bincike suka koma ga 'yan hotunan da suka tsira da kuma binciken ɓaraguzan jirgin a ƙarƙashin teku. Hoto kuma yana iya yaudara. Shahararrun hotunan farfela da ake yaɗawa da sunan Titanic, na Olympic ne, kuma wani littafin injiniyoyin kamfanin Harland and Wolff da ya ƙera jiragen biyu ya nuna cewa farfelar tsakiya ta Titanic fukafukai uku gare ta, alhali an daɗe ana yi mata huɗu. Wanda ya zana daga gurɓataccen bayani zai samu kuskurensa a buge tsaf, ya kuma iya yaɗa shi ga duk wanda ya karɓi fayil ɗinsa.

Manhajojin zane iri biyu ne. Akwai na injiniyoyi, kamar FreeCAD da Fusion 360, inda ake rubuta kowane awo da lamba, a kuma iya sauya shi daga baya ba tare da an rushe zanen ba. Sun dace da bututun hayaƙi da bindigogi da ƙofofi. Akwai kuma na siffantawa, kamar Blender, waɗanda suka fi dacewa da abubuwa masu lanƙwasa irin adon da ake sassaƙawa a goshin tsofaffin jirage. Rhino da DELFTship sun shahara wajen gangar jiki, inda ake jera yanke-yanken a wurarensu sai manhajar ta shimfiɗa fata a kansu. FreeCAD da Blender kyauta ne.

Ƙwararru da yawa suna zana abu da girmansa na gaske, sannan su rage kwafinsa zuwa ma'aunin da suke so. Idan kuma sabon sashen zai zauna ne a jikin samfurin da aka saya, to ana auna wurin zamansa a jikin robar kanta da ma'aunin kauri mai nuna lamba, domin kwalin kamfani ba koyaushe yake bin ma'aunin da aka rubuta a kansa daidai ba.

Inda ma'auni ke karo da iyakar na'ura

A nan ne gwaninta ke bayyana. Bututun shingen da ke kewaye da daɓen jirgi, idan kaurinsa milimita 40 ne, zai koma milimita 0.11 a 1:350. A 1:700 zai koma ƙasa da milimita 0.06, wato kusan sirantar gashin kai. Na'urar rezin ta gida da wuya ta fitar da sanda mai wannan siranta, idan ma ta fitar, zai karye wajen wankewa. Masu aikin sukan tsaya a wajen milimita 0.3 ga duk abin da zai tsaya da kansa. Amma milimita 0.3 a 1:350 daidai yake da bututu mai kaurin santimita 10 da rabi, wanda ya ninka na gaske fiye da sau biyu.

Mai zane yana da zaɓi uku a irin wannan hali. Zai iya ƙara kauri ya haƙura da ɗan saɓanin. Zai iya barin sashen gaba ɗaya idan ido ba zai nemi shi ba. Zai kuma iya komawa ga wani abu daban, kamar fallen tagulla da aka cinye da sinadari har ya bar siffar shinge, ko siririyar waya. Ginshiƙan filafilai da dogayen bakunan bindiga ma an fi yin su da tagulla ko ƙarfe, domin dogon rezin siriri yakan lanƙwashe bayan wani lokaci, balle idan igiya tana jan sa.

Wannan ne dalilin da ya sa rage fayil da rabi ba ya mayar da kayan 1:350 na 1:700. Duk bangon da aka yi shi daidai iyakar na'ura zai faɗa ƙasa da iyakar ya ɓace. Ƙara girma ya fi sauƙi. Daga 1:96 zuwa 1:72 ana ƙarawa zuwa kashi 133 cikin ɗari, sai dai kaurin da aka ƙara da gangan shi ma zai ƙaru ya fito fili. Haka nan inda sassa biyu za su shiga juna, ana barin ratar milimita 0.1 zuwa 0.2, in ba haka ba turaku ba za su shiga ramukansu ba.

Bugawa da gyarawa

Idan zane ya kammala, ana fitar da shi a matsayin fayil, mafi yawa nau'in STL, wanda ya samo asali tun 1987. Shi wannan fayil yana bayyana fatar abu ne da dubban ƙananan alwatika, kuma ba ya ɗauke da sunan awo. Abin da aka zana da inci, idan aka buɗe shi da milimita, zai ragu sau 25.4. Dole kuma fatar ta kasance a rufe ruf, babu huda ko fuskar da ta juya ciki.

Daga nan sai manhajar yanka, kamar Cura ko PrusaSlicer ko Chitubox, ta raba zanen falle-falle. A nan ake zaɓen yadda abu zai kwanta da inda za a sa matokarai, wato 'yan sandunan da ke riƙe sashen da ya rataya a iska. Kowace matokara tana barin tabo, don haka ana tura su ɓangaren da ba za a gani ba. Babban abu ana yin sa da rami a ciki don rage cin rezin, amma sai an bar ƙofar da ruwan zai tsiyaye, domin ɗanyen rezin da ya maƙale a ciki yana iya tsaga abin bayan watanni. Farantin yawancin na'urorin zare na gida bai wuce kusan santimita 22 a kowane gefe ba, don haka gangar jikin Titanic a 1:350 sai an raba ta gida huɗu an haɗa da turaku da gam.

Abin da ya fito daga rezin ana wanke shi da sinadarin isofirofil, a bar shi ya bushe, a cire matokarai, sannan a sa shi ƙarƙashin haske ya ƙarasa ƙarfi. Bayan haka sai gogewa da samfefa mai laushi, a fesa fentin share fage wanda ke tona duk wani tabo, sannan fenti na ainihi. Gam ɗin da ke narka robar kwali ba ya kama rezin, sai an yi amfani da sufa gulu. Wasu kuma sukan buga farfela da rezin mai ƙonewa, a lulluɓe ta da mazubi a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinta. Wannan ita ce dabarar zubin kaki da maƙeran Ife da Benin suka yi fice a kanta, sai dai a nan na'ura ce ke yin siffar farko.

Samfurin da ke tafiya a ruwa

Wasu samfuran ana saka musu inji da batir a riƙa sarrafa su daga nesa. Ga waɗannan, lissafin nauyi ya zama wajibi. Nauyi yana raguwa ne da ma'aunin sau uku a jere. Jirgi mai tan 1,000 a ma'aunin 1:100 dole ya zama kilo 1 kacal, da injinsa da batirinsa da fentinsa, in dai ana so ya zauna a ruwa daidai layinsa. Titanic, mai nauyin kusan tan 52,000, zai zama kilo 1.2 a 1:350. Ɗakunan sama da aka buga da kauri sukan sa jirgi ya yi nauyin kai ya kife, don haka ana yin su da siririn bango, a tara nauyi a ƙasa.

Gudu ma yana da ƙa'ida, wadda injiniya William Froude ya tabbatar a tafkin gwaji da ya gina a Torquay ta Ingila a farkon shekarun 1870. A 1:100 ana raba gudun jirgi gida 10 ne, don haka jirgi mai gudun kilomita 40 a awa, samfurinsa zai yi kilomita 4 a awa, igiyar ruwan da zai tayar kuma ta yi kama da ta gaske. Jikin da aka buga da zaren roba yakan tsatsafo da ruwa ta tsakanin layuka, shi ya sa ake shafe shi ciki da waje kafin a saka shi a ruwa.

Lafiya da yanayi

Ɗanyen rezin yana cutar da fata, kuma yawan taɓa shi kan haifar da borin jikin da ba ya warkewa. Ana aiki da shi ne da safar hannu ta roba da tabarau, a ɗaki mai iska, nesa da yara da abinci. Isofirofil yana kama wuta da sauƙi. Ragowar rezin da ruwan wanki ba a zuba su a kwata, ana shanya su a rana har su daskare sannan a zubar. Wajen gogewa kuma ana sa takunkumi ko a jiƙa samfefar.

Ga mai aiki a ƙasa mai zafi akwai ƙarin abin lura. Zaren PLA, wanda ya fi arha da sauƙin bugawa, yana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka rufe a ranar bazara kan iya kaiwa. PETG yana jurewa har wajen digiri 80. Zare yana shan laima da damina, sai an adana shi a rufe. Ƙurar hunturu tana ɓata rezin idan an bar faranti a buɗe, sanyin safiya kuma yana ƙara masa kauri. Rezin da ba a yi wa fenti ba yakan yi rawaya ya yi saurin karyewa idan ya daɗe a rana. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan lalata bugun awoyi da dama, don haka inbata ko batirin ajiya yana cikin kayan aikin da ake lissafawa tun farko.

Kasuwa da haƙƙin mallaka

Fasahar ta haifar da ƙananan 'yan kasuwa masu zana kayan jirage suna sayar da fayil ko bugaggen kaya. Jarin farawa bai kai na mazubin ƙarfe ba, kuma ba a tara kaya a shago, sai an yi oda ake bugawa. Amma dogaro da kafa ɗaya yana da haɗari. Kamfanin Shapeways, wanda ya taso daga Philips a ƙasar Holan a 2007, ya zama babbar kasuwar irin waɗannan kaya, inda masu zane ke ajiye ayyukansu kamfanin yana bugawa yana aikawa. A watan Yulin 2024 ya ayyana karayar arziki, masu zane da yawa suka wayi gari babu shagunansu. Waɗanda suka adana ainihin fayilolinsu a wajensu ne suka fi saurin farfaɗowa.

Fayil ɗin da wani ya zana dukiyarsa ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake rabawa kyauta suna da sharaɗin kada a yi kasuwanci da su, kuma sayen fayil ba ya nufin izinin sayar da abin da aka buga daga gare shi sai an faɗi haka. Kwafar sashen da kamfani ya ƙera a sayar ma keta haƙƙi ne. Gidajen tarihi su ma suna da sharuɗɗa a kan zane-zanen da suke sayarwa.

Ga mai son farawa, ba lallai ne ya sayi na'ura ba, domin zai iya koyon zane da manhajar kyauta ya kai fayil ɗinsa inda ake bugawa don kuɗi. Wanda ya sayi na'urar zare kuwa, akasari abin da yake fara bugawa jirgi ne: 3DBenchy, wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tsawon milimita 60 da kamfanin Creative Tools na Suwidin ya fitar a 2015 don gwada ingancin na'ura. Bayan shi sai a zaɓi abu guda mai sauƙin siffa, kamar turken ɗaure igiya ko ganga ko akwatin daɓe, a babban ma'auni irin 1:48 ko 1:72. A zana shi daga awon gaske, a buga shi da kauri daban-daban, a auna abin da ya fito, a rubuta mafi sirantar bangon da ya tsaya bai karye ba. Wannan lamba ce mai zane zai riƙa komawa gare ta a kowane sashe na jirgin da zai gina da wannan na'ura da wannan rezin ko zare.